Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Tun ranar da mai shayinmu na Katuzu, a nan Gashuwa, ya dawo daga Kano da wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, ya ɗaure shi da roba a jikin gwafar rumfarsa, ya shelanta cewa duk wanda ya sha shayi zai hau intanet kyauta, majalisarmu ta canja kama. Da can hira ake yi: kuɗin buhun shinkafa, ko ruwa ya fara saukowa daga Haɗeja, wa zai fito takara. Yanzu in ka zo bayan isha'i sai ka iske ƙarti ashirin a kan benci uku, kowa ya sunkuyar da kai kamar zaman makoki, hasken waya ya haske masa haɓa. Ba abin da ke ɗago kawunan nan sai wani ya ce, "Kai, ya ɗauke!"

Shi akwatin nan guga ne, ba rijiya ba. Akwai layi a cikinsa irin na wayar kowa, da shi yake janyo sabis daga ƙarfen da ke bakin titi, sannan ya rarraba wa wayoyinmu ta abin da ake kira wayfai. Igiya biyu ke nan: ɗaya daga wayarka zuwa akwatin, ɗaya daga akwatin zuwa ƙarfe. Alamar nan mai kama da mafici da kake gani a saman waya, labarin igiyar farko kaɗai take ba ka. Tana iya cika taf alhali ta biyun ta tsinke, ko datar mai shayi ta ƙare tun la'asar. Kuma takardar da ta zo da akwatin ta faɗa ƙarara cewa waya goma yake ɗauka. Na sha yin wannan bayani a majalisa, ban taɓa samun wanda ya saurara har ƙarshe ba, don kowa ya riga ya zo da nasa ilimin daga gida.

Dattijon majalisar shi ne Baba Ɗaga-Sama. Da zarar abu ya tsaya sai ya miƙe, ya ɗaga waya sama kamar mai nuna wa jama'a jinjirin wata, ya fara takawa a hankali yana juyi. Bai kamata a yi masa dariya da yawa ba, don a makarantar wahala ya yi karatunsa. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta daɗe tana hutawa a manyan birane kafin ta iso irin namu wuraren, kuma da ta iso sai da aka yi zamanin hawa katanga da suri kafin a ji muryar ɗan'uwa. Sannan ga 2013, lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu, aka katse layukan waya gaba ɗaya, mu a Yobe muka yi wajen wata biyu wayoyinmu ba su da aiki sai haska hanya da dare. Baba na cikin waɗanda suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa ƙasar Jigawa don kawai su ce wa 'ya'yansu na kudu suna nan da rai. Mutumin da ya yi wannan ba za ka iya gamsar da shi cewa sabis yana nan daf da gwiwarsa ba. Shi a saninsa sabis abu ne da ake bi a nema. Don haka yana ɗaga wayar yana nisa da rumfa, maficin yana raguwa gashi ɗaya ɗaya, har ya kai gindin dalbejiyar tsallaken hanya inda babu ko ɗigo. Sai ya dawo yana girgiza kai: "Yau garin gaba ɗaya babu."

Wanda ke karɓar wayar Baba ya gyara shi ne Injiniya. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna, amma ya amsa, kuma yana riƙe da shi da daraja. Maganinsa guda ne ga kowace cuta: a kashe a kunna. Abin haushin, sau da yawa yana dacewa, don kashewa da kunnawa kan sa akwatin ya sake rabon gurabe daga farko, wanda ya rigaya ya samu. Sai dai Injiniya ba ya sallama kafin ya yi aikinsa. Kana tsakiyar magana da ƙaninka da ke Legas sai ka ga hannu ya miƙa ta saman kanka zuwa gwafa. In ka yi ƙorafi ya buɗe maka karatu: akwai zango biyu, 2.4 da 5, na farko ya fi zuwa nesa da ratsa bango, na biyu ya fi sauri amma gajere ne. Gaskiya ne kuwa, illa dai akwatinmu na farkon kaɗai gare shi. Na ba shi maki ranar da ya gano abin da ya hana wayar Baba buɗe komai: batirin ya mutu ne, agogonta ya koma wata shekara can baya, shafuka kuma ba sa yarda da wayar da ba ta san ranar da take ciki ba. Ya gyara kwanan wata, komai ya buɗe, Baba ya saya masa ƙwai biyu. Wannan nasara ce ta hau masa kai. Washegari ya ɗauki tsinken tsintsiya ya zura a wani ɗan rami da ke bayan akwatin. Garin neman gira aka rasa ido: suna ya goge, lambar sirri ta koma ta kamfani, ita kuma tana rubuce a ƙarƙashin batirin da ƙananan baƙaƙen da sai da aka aro tabaran liman.

Amma duk waɗannan masu hayaniya ba su ne matsalar ba. Matsalar tana can ƙarshen benci, ta jingina da buhun gawayi, ba ta ce wa kowa uffan. Shi nake kira Ɗan Tiga. Duk manomin fadama daga Nguru zuwa Gashuwa ya san abin da nake nufi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da zai iso mana sai abin da na sama suka ga dama suka saki, sauran kuma ciyawar kacala ta tare shi a hanya. To haka wannan bawan Allah yake a majalisa. Da sallamarsa zai danna sauke fim mai dogon zango, kashi biyar a jere, ya kifa wayar a cinya, ya ɗauki kofi. Mu da ke ƙasan kogi sai mu ga saƙon gaisuwa ma yana ta juyi kamar akuya a turke. In aka fara cigiyar wanda ya tare ruwa, shi ne farkon mai cewa, "Wallahi mutane ba su da tsoron Allah." Wayarsa ce kaɗai za ka taɓa ka ji ta da zafi kamar an sauke ta daga kasko.

Yana da ƙane wanda bai san yana ɓarna ba. Shi ba ya sauke komai, hasali ma wayar na aljihunsa yana cin indomi. Amma an saita ta a kan cewa duk sanda ta ji ƙanshin wayfai ta fara sabunta manhajojinta, ta kuma kwashe hotunan bikin bara ta tura ma'ajiya. Rantsuwarsa gaskiya ce, ɓarnarsa ma gaskiya ce.

Sai ɗan aike. Mata ba sa zama teburin mai shayi, amma wannan bai hana su rabonsu ba. Wajen ƙarfe takwas za ka ga wani yaro da bai wuce shekara tara ba ya zo da aljihu a kumbure, ya sayi burodi mafi ƙanƙanta, ya tsaya kusa da gwafa yana kallon taurari. Waya uku ke jikinsa: ta innarsa, ta yayarsa, da ta amaryar gidan. An ce masa ya tsaya har sai ya ji sun daina ƙara. Minti goma ana jin ƙit-ƙit daga wandonsa, saƙonnin murya na 'yan adashi da hotunan atamfa suna sauka, gurbi uku cikin goma sun tafi a kan burodi ɗaya. Mai shayi ya taɓa tambayarsa, "Kai yaro, me kake jira?" Ya ce, "Kawu, Inna ta ce in bari burodin ya huce."

Mai kofi ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani, kowace majalisa tana da nata. Ruwan bunu ne, ba madara, kuma zai kai shi daga magariba har a kwashe benci. In ya ga idon mai shayi ya faɗo kansa sai ya kai kofin baki ya jiƙa leɓe.

Akwai kuma wanda ba mu taɓa gani ba. Injiniya ya koya wa mai shayi duba jerin wayoyin da ke kan akwatin, sai ga wata Tecno da ba ta kowa ba ce a majalisa, kullum tana nan, har bayan an tashi. Aka toshe ta, washegari ta dawo. Aka fara maganar aljanu. Gaskiyar ita ce wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidar da akwati ke gane su da ita, sannan duk wanda ke da lambar sirri yana iya nuna wa wani ɗan zanen nan mai murabba'i a fuskar wayarsa, ya ɗauka ya shige ba tare da ya san ko harafi ɗaya ba. Ni dai na lura akwai wata taga a bayan rumfa da ba a rufe ta ko a tsakiyar hunturu.

Dole aka canja lambar sirri, abin da ya jefa mu cikin rigimar Alhaji. Wayarsa ta riƙe tsohuwar lamba, tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da makullin da aka daina amfani da shi. Maganin ba wuya: ka shiga ka ce wa wayar ta manta da wannan wayfai, sannan ka sa sabuwar. Injiniya ya ce, "Alhaji, mantawa za ka yi da shi." Alhaji ya ajiye kofi. "In manta da shi? Mutumin da na yi wata huɗu ina shan abinsa kyauta? Ba a yi mini tarbiyyar butulci ba, yaro." Sai da aka jira ya tafi alwala aka yi masa mantuwar a ɓoye.

Na kusa tsallake Malam Zargi, wanda bai taɓa hawa ba amma ya fi kowa magana a kai. A wurinsa in abu ya tsaya, ƙurar hunturu ce, ko gwamnati ce ke saurare, ko Amurka ta juya tauraronta. Ya ce ta wayfai ake kwashe wa mutane kuɗin banki. Ba na musa masa gaba ɗaya, don ni ma ba na buɗe asusuna a kan abin da ban san mai shi ba. Amma waɗanda na sani an yashe, kiran su aka yi da murya mai daɗi suka karanto lambobinsu da bakinsu.

Cikin jama'ar nan duka, mutum ɗaya ne ke zuwa da buƙata ta gaske, shi ne ɗalibi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta riga ta, ba a rasa yaro mai aikin da dole ya tura kafin sha biyun dare. Wani dare a watan Afrilu, irin zafin nan da ke haura digiri 40 da rana ya ƙi sauka da dare, wani ya zo da kwamfuta a hammata, ko shayin bai iya sha ba. Aikin ya kai 80 cikin 100 ya tsaya. Ya sake, ya kai 90 ya tsaya. Akwatin kuwa ya yi zafi, don gwafar tana kusa da murhu, mai shayi ya jiƙa tsumma ya naɗe shi kamar randa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saura minti ashirin Baba ya miƙe, wannan karon ba don ya ɗaga waya ba. Ya ce, "Jama'a, ku dubi Allah, kowa ya sauka yaron nan ya wuce." Aka kashe ɗaya bayan ɗaya, har ɗan aike ya zaro ukunsa ya miƙa wa Injiniya. Layin ya motsa kaɗan ya sake tsayawa. Majalisa ta yi tsit, sannan duk kawuna suka juya wajen buhun gawayi. Ɗan Tiga ya yi tari, ya sa hannu a ƙarƙashin riga. Ko minti ɗaya ba a yi ba aiki ya tafi.

Mai shayi kansa ya daɗe yana lissafi. Ya sayo akwatin ne don ciniki ya ƙaru, abin da ya ƙaru shi ne zama. Daga baya hukumar sadarwa ta NCC ta amince a Janairun 2025 kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, shi kuwa kofin ruwan bunu bai san an yi ba. Injiniya ya ba shi shawara ya sayi Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, faranti ne da ke ɗauko intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam ba ruwansa da ƙarfe. Mai shayi ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya ɗan yi shiru yana juya cokali, sannan ya ce, "Kofi nawa ke nan?"

Makon jiya muka zo muka tarar sunan wayfan ya ɓace daga jerin. A madadinsa akwai wani sabo mai suna DATA TA ƘARE. Kowa ya duba, ya yi tsaki, ya mayar da waya aljihu. Baba ya tsallaka gindin dalbejiya ya dawo ya tabbatar mana garin gaba ɗaya babu. Aka koma hirar shinkafa, Ɗan Tiga ya daina zuwa, tagar bayan rumfa ta rufe. Ni kuwa da na je biyan kuɗin shayi sai na ga fitilun akwatin duka kore, mai shayi kuma ya jingina wayarsa a bayan gwangwanin madara yana kallon dambe, hoton ko gezau ba ya yi. Muka haɗa ido. Ya ƙara mini cokali ɗaya na madara, ya rubuta wasu baƙaƙe a bayan takardar burodi ya turo mini. Ta nan na aiko da wannan rubutu.