Tsohon Jincheng ya bar ka da hayaƙi, ka ce shammata ce?

Alhaji mai mota, na hango ka kana taɓe baki. Wai tsohon babur da aka ɗaure madgadinsa da waya shi zai riga ka tashi? To zo mu tsaya a titin Katsina, daidai Rijiyar Lemo, da la'asar, lokacin da motocin Dawanau da 'yan A Daidaita Sahu suka cushe hanya. Ga ka cikin Corolla, gilashi a rufe, kana ta hura hanci. Ga wani dattijo a gefenka bisa Jincheng, hula ta karkace, kujera ta sha faci da selotef. Hanya na buɗewa ya murza totur. Kafin ka ɗage ƙafa daga birki, abin da ya bar maka gado shi ne shuɗin hayaƙi.

Ka ce shammatarka ya yi? Haba! Jiya ma shammata ce? Shekaranjiya fa?

Ka ce injinsa cc 100 ne kacal, naka kuwa 1,800? Gaskiyarka, na sara maka a lissafi. Amma ka ci rabin lissafin ka ɓoye rabi. Injinka yana jan ƙarfe sama da kilo 1,000, ga kujeru, ga na'urar sanyi, ga kai kanka da tuwon rana. Babur ɗin nan ko kilo 100 bai kai ba, mahayinsa kuma ba mai tumbi ba ne. Wa zai riga miƙewa, ɗan akuya ko raƙumin da aka labta wa kaya?

Tsaya, ban gama da kai ba. Jincheng ɗin nan daga Nanjing ta ƙasar Sin ya fito, samfurin Suzuki AX100 ne, irin injin da ke ƙona fetur tare da man 2T. Duk juyi ɗaya fulogi sai ya ba da wuta, fistin ya sha bugu. Injin motarka, da na Boxer, da na roba-roba, sai sun juya sau biyu kafin kowane fistin ya samu bugu ɗaya. Ga giya ta ɗaya gajeriya, sarƙa kuma ta kai ƙarfin kai tsaye ga tayar baya. In bakanike ya sa masa sufuroket ɗin baya mai yawan haƙora, ai sai ka riƙe hularka. Hayaƙin da kake toshe wa hanci man 2T ne ke ci, ba ciwon ajali ba ne. Tambayi waɗanda suka yi acaɓa kafin a hana ta a Kano a Janairun 2013, su suka san abin da ake nufi da tashi.

Ka ce to mu kama hanyar Bichi a ga namiji? Ashe ka fara gudun magana! Ni tashi na ce, ban ce dogon zango ba. In an wuce Dawanau hanya ta miƙe, za ka wuce shi yana kuka kamar injin markaɗe, wannan ba na musu. Sai dai tsakanin Kurna da Bachirawa, ina ka ga filin da za ka sa giya ta biyar? Mita hamsin, birki. Mita hamsin, birki. A wannan fagen tsoho ne sarki.

Ka ce ina kare shi ne don ina da irinsa? Innalillahi, wane munafukin ya gaya maka? E, ina da shi. Ranar da fulogi ya jiƙe mini a Sabon Gari na yi ta dukan kik har gumi ya jiƙa mini taguwa, yara na dariya. Amma da ya tashi, ban sake jin dariyar kowa ba, don na yi nisa.

Kada fa ka ce na zuga ka tsere a titin da yara ke tsallakawa. Gobe in ka ga dattijon nan a gefenka, sauke gilashi ka gaishe shi tun yana kusa.