Madalla da Sandar da Ba Ta Riƙon Laifi

Madalla da kamfanonin ƙera sandunan golf, masu tausayin na baya! Sun dubi ɗan wasan da ke sarar ƙasa kafin ya taɓa ƙwallo, wanda tun 2020 tsarin handikaf na duniya ya amince a yi masa rangwamen da ya kai bugu 54, suka ce bawan Allah nan ba zai ci gaba da shan kunya ba muddin akwai kuɗi a aljihunsa. Sai suka ƙera masa sandunan ƙarfe masu yafiya, masu ƙaton kai da faffaɗan gindi, waɗanda ko ya bugi ƙwallo a karkace ba za su tona masa asiri ba.

Abin ya faro ne daga Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya soma ƙira a garejin gidansa a California a 1959, ya kafa kamfanin Ping. Shi ne ya shahara da rarake bayan kan sanda, ya tura nauyin zuwa gefuna, don kada kan ya murɗe idan ƙwallo ta kuskure tsakiyar fuska. Dabarar tana aiki, kuma sandar Ping Eye 2 ta 1982 ta tabbatar da hakan a hannun dubban 'yan wasa. Sai dai tunanin Solheim a lokacin ya tsaya ga ƙarfe. Waɗanda suka biyo baya sun fi shi hangen nesa, domin sun gano cewa abin da mai koyo ke nema ba bugu mai kyau ba ne kaɗai, yana son ya koma gida yana jin ya ƙara ƙarfi.

To ga hikimar da ta cancanci tafi. Kowace sanda tana da lamba a gindinta, kuma fuskarta tana da kwanciya da ake aunawa da digiri. In fuskar ta kwanta sosai, ƙwallo ta yi sama ta faɗi kusa. In ta miƙe, ƙwallo ta yi nisa. A da, lamba 7 tana da digiri 35 ko kusa da haka. Yau a shiga shago a ɗauki lamba 7 mai yafiya, za a tarar da 28, wata ma 27. Wato tsohuwar lamba 5 ce aka goge goshinta aka raɗa mata sabon suna, aka kuma ɗan tsawaita mariƙinta. An ɗauki tiya an rubuta mata mudu a gindi, sannan aka tara jama'a ana yabon mudun da auki.

Ku dubi yadda ake gwajin. An kai mai saye wani ɗaki mai sanyi, an tsayar da shi kan shimfiɗar roba da ba ta san sara ba, na'ura tana ƙirga masa. Ya buga da tsohuwar sandarsa, ya buga da sabuwa, allo ya nuna ƙarin yadi goma sha biyar. Mai shago ya ce, “Ranka ya daɗe, ai da can sandar ce ke cutar ka.” Wa zai ji wannan bai zaro katin banki ba? Ba wanda ya ɓata masa rai da zancen digiri, kuma wannan ladabi ne da ya kamata a yaba.

Alherin bai tsaya nan ba. Tunda an miƙar da fuskar kusan kowace sanda, wejin farko, sandar bugun kusa da a da ke da digiri 48 zuwa 50, ya dawo 43 ko ƙasa, alhali wejin fita daga yashi yana nan a wajen 56. Sai rami ya buɗe a tsakaninsu, kamfanin da ya haƙa shi kuma ya taimaka ya sayar da wata sandar cike giɓi. Can sama kuma lamba 4 da 5 sun miƙe har mai sanyin hannu ba ya iya ɗaga ƙwallo da su, sai a ba shi shawarar ya sayi wata sandar da ake kira haibirid. Doka ta ce sanda 14 kawai za a ɗauka a jaka, ga shi an taimaka masa ya cika su tas. In ƙwallonsa ta tafi ƙasa-ƙasa, ta dira kusa da rami ta ƙi tsayawa, ta gangara cikin yashin baya, ai nisa ya biya, kuma ya samu.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma a nan kirarin ya fi dacewa da su, shi ne yadda suka raba mai koyo da malaminsa na farko, wato tafin hannunsa. Siririyar sandar zamanin da, in ka kuskure, sai ta girgiza maka yatsu ta gaya maka inda ka taɓa. Sabuwar tana haɗiye labarin. Kuɗin da zai biya mai horarwa na watanni, a gyara masa riƙo da tsayuwa, an cece shi daga wannan wahala an zuba a ƙarfe.

Kada kowa ya kawo zancen Seve Ballesteros, yaron Pedreña a Sifaniya da ya koyi kowane irin bugu a bakin teku da tsohuwar lamba 3 guda ɗaya, ya girma ya ci gasar Open sau uku da Masters sau biyu. Kada kuma a nuna yaran da ke ɗaukar jaka a filayen Kaduna da Rayfield na Jos, masu lura da kuskuren maigida tun daga tsayuwarsa, waɗanda in aka ara musu ragowar sanda sai su aika ƙwallo inda shi bai taɓa kaiwa ba. Irin waɗannan ba sa sayen komai, don haka ba su da abin koya wa kowa.

Maigida dai ya kwantar da hankalinsa. In saitin bana bai rage masa bugu ko ɗaya ba, kamfanonin ba su yi fushi da shi ba. Baɗi za su fito da sabo, da sabon fenti da sabon suna, kuma farashinsa a dala ne.