Yadda Aka Yi Sadaka da Turarena

Ka hana mutum aron mota a Kano, zai yi maka uzuri ya ce wataƙila birki ne ba lafiya. Ka hana shi rance, zai ce yanayi ne. Amma ka hana shi fesa turarenka, kafin la'asar sunanka ya zaga unguwa, har a teburin mai shayi a riƙa buga misali da kai. Turare a wurinmu sahun goro yake: wanda ya fito da shi a gaban jama'a ya san na jama'a ne, wanda aka miƙa wa kuma ba ya mayarwa, don tun muna makarantar allo aka koya mana haka. Tsari ne mai kyau, ina kuma bayansa, muddin kwalbar da ake zagayawa da ita akwai irinta a kasuwar Sabon Gari. Ni kuwa turaren da aka daina yi nake tarawa.

Ciwon daga durowar mahaifina na ɗauko shi. Ma'aikacin gwamnati ne na zamanin da, kuma a saman durowarsa akwai jerin da duk ɗan boko na lokacin ya sani: Brut mai koriyar kwalba, Aramis, Paco Rabanne na 1973, da baƙin nan Drakkar Noir da ya fito a 1982. Da na fara ɗaukar albashi na je na sayo su duka, na fesa, na tsaya ina jiran in ji Baba ya shigo ɗaki. Bai shigo ba. Suna ɗaya, kwalba kusan ɗaya, amma ƙamshin ya rame. Na zargi hancina, na zargi mai kanti, daga baya na gano ashe aikin masu doka ne a Turai. Ƙashin bayan turaren maza na wancan zamani wata irin gansakuka ce da ke fitowa a jikin itatuwa, galibi a ƙasashen Balkan, ita ke ba shi ɗacin nan mai kama da daji bayan ruwan sama. Sai aka gano tana sa wa wasu ƙaiƙayin fata. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta yi ta rage adadin da aka yarda a zuba, a 2017 kuma Tarayyar Turai ta haramta sinadarai biyu da ke cikinta, atranol da chloroatranol. Wato saboda wani Bajamushe ya yi susa, ni a Kano aka canza mini ƙamshin ubana.

Waɗancan ma da sauƙi, tunda suna raye ko da sun rame. Akwai waɗanda aka rufe babinsu ɗungurum, ko don ba su yi kasuwa ba, ko don kamfani ya sauya hannu sabon mai shi ya share jerin da ya tarar. Gucci Envy na maza, mai koren ruwa da yajin citta, a 1998 ya fito. Gucci Pour Homme mai ƙamshin lubban da fiƙaƙƙen fensir, a 2003. Lasisin turaren gidan ya koma hannun Procter & Gamble a 2006, ba a daɗe ba duka biyun suka ɓace daga kantuna. Irin waɗannan nake farauta. Na hau kujera a tsofaffin shaguna na laluba saman kanta inda ƙura ta yi kauri, na roƙi gwaggonnina su buɗe mini akwatunan da ba a taɓa ba tun mazajensu na da rai, na kwana a intanet ina takarar saye da wasu mahaukata irina a Italiya da Amurka, ni da naira su da dala.

Sakawa ma wani aiki ne. Ina da tsohon Kouros, farar kwalbar nan ta Yves Saint Laurent da Pierre Bourdon ya haɗa a 1981, na kafin a tausasa shi. A ƙarƙashin ƙamshinsa akwai wani abu na dabba. Wata rana cikin zafin bazara na fesa shi na shiga adaidaita sahu. Matar da ke gefe ta ja hijabi ta toshe hanci, ta duba goyonta ko shi ne ya yi aika-aika. Wani dattijo a gaba kuwa ya juyo ya kama hannun rigata ya shinshina.

"Kai yaro, a ina ka samo jibda?"

Na ce turaren Faransa ne, Baba. Ya ce in daina yi masa wasa, shi a gidansu kakansa har kiwon tunkun juda yake yi a keji ana kankaro jibda, rawanin tsohon ma haka yake ƙamshi. Da zai sauka ya ce in na je wurin mai tunkun in ce ya ajiye masa na ɗari biyar.

Sarkin tarin nawa dai M7 ne, na asali, na 2002. Lokacin Tom Ford, Ba'amurke, shi ke jan ragamar ado a gidan Yves Saint Laurent, ya sa Alberto Morillas da Jacques Cavallier suka haɗa wa Turawa turaren udu tun kafin su san mene ne udu. Bai yi kasuwa ba. Ya zo da wuri, ga shi tallarsa an yi ta ne da wani ƙato ba ko zare a jikinsa, abin da na gode wa Allah surukaina ba su taɓa gani ba. L'Oréal ta sayi sashen turaren gidan a 2008, a 2011 aka fito da wani mai suna M7 Oud Absolu, wanda masu tarawa ke ɗauka ɗan'uwa ne kawai. Kwalbata jaja-jaja ce mai duhu, cikakkiya, kuma kuɗinta sirri ne tsakanina da bankina. Ranar Juma'a kaɗai nake taɓa ta, fesa ɗaya a ƙirji, sannan in ɗaga ta a haske in duba inda ruwan ya tsaya.

Zafi da haske su ne ajalin tsohon turare, Kano kuwa a watan Afrilu ma'auni kan haura 40. Don haka na ƙwace aljihun ƙasa na firji, wanda aka tanada don tumatir da latas, na jera su a can cikin akwatunansu. Uwargida ta yi magana har ta gaji.

"Malam, jiya baƙi sun ce zoɓona yana ƙamshin alhazai."

Sai Allah ya ba mu ƙaruwa. Da yake ba haihuwar fari ba ce, a gida aka yi jego, gwaggon uwargida ta zo daga ƙauye don wanka. Ni na san al'ada, na kuma yi shiri irin na mai hankali: na shiga kasuwa na sayo manyan kwalabe masu ruwan zinare, masu arha da ƙara, na jera su a falo don baƙin suna su yi wanka da su in sun so. Abin da bai zo mini a lissafi ba shi ne daren suna mata za su buƙaci kowane lungu na firji don zoɓo da kunun aya.

Da asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, an raɗa suna, an shafa. Ana cikin rabon goro da dabino sai ga babban ɗana ya fito daga cikin gida, yana tafe a hankali da faranti a hannu biyu. A kan farantin, an cire su daga akwatunansu an goge su tas, M7 ne da Envy da Gucci Pour Homme da Kouros. Daga bayan ƙofa na jiyo muryar Gwaggo tana gaya wa mata cewa ita ba ta taɓa ganin suruki mai karamci irina ba, har sanyaya wa baƙi turare nake yi.

Na yunƙura zan tari yaron, ya riga ya durƙusa a gaban Baffan uwargida, yayan mahaifinta, wanda shi ya ba ni aurenta. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ya dubi farantin, hannunsa ya wuce kowace kwalba ya sauka a kan ja.

Babbar riga ce a jikinsa mai aska takwas, kuma bai bar aska ɗaya ba. Ya fesa hannun dama, ya fesa na hagu, ya ɗaga ya bi hammata, ya cire hula ya fesa cikinta, ya bi gemu, ya fesa tafin hannu ya shafa a fuska. Kowace fesawa Juma'a guda ce daga rayuwata, ina zaune ina ƙirga watanni suna tashi a iska. Da ya miƙa wa liman sai dabara ta zo mini. Na matsa na rage murya.

"Allah gafarta Malam, irin na Turawa ne fa, akwai sinadarin barasa a ciki."

Liman ya juya kwalbar, ya yi murmushi.

"Malamai sun yi saɓani a kan wannan, ɗana, kuma da yawansu sun halatta. Allah ya saka maka da tsantseni."

Ya fesa rawaninsa zagaye biyu ya miƙa gaba.

Daga nan kwalabe suka kama hanya, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Maƙwabta suka fesa, abokan aiki suka fesa, mahaucin da ya zo fiɗar rago ya goge hannu a wando ya fesa, wani mai wucewa a keke ya tsaya ya yi barka ya fesa. Maroƙi ya ga abin da ake yi ya ɗaga murya, wai ga angon ƙarni wanda turarensa ma sai ya sha ƙanƙara, mai bayarwa ba ya waige. Dole na sa hannu a aljihu na sallame shi, wato na biya kuɗin shelar asarata. A cikin hargitsin ne Envy ya biyo ta kusa da gwiwata, na yi kamar ina gyara zama na zura shi a aljihun riga.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hukuncin wani Alhaji, abokin Baffa, wanda ya yi shekaru yana safarar kaya daga Makka da Dubai. Ya fesa ragowar M7 a bayan hannu, ya shinshina, ya taɓe baki.

"Udu ne, amma na masu koyo. An tsinka shi."

Ya shiga yi wa jama'a bayani, kuma gaskiya ya faɗa, cewa udu na ainihi daga wata bishiya ake samunsa a Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, sai ta kamu da cuta take fitar da baƙin ƙaro mai ƙamshi, shi ya sa ake sayar da mansa tola-tola. Ya zaro 'yar kwalba daga aljihu, ya ce in miƙo hannu in ji na manya. Ba a mayar da turare. Ya dangwala mini Kambodi a wuyan hannu da ƙeya da gaban riga, ya binne 'yar fesawar M7 da na yi da asuba, wadda ita ce rabona na ƙarshe da shi. Kafin a gama fiɗa kwalabe uku sun dawo kan faranti babu ko ɗigo.

Uwargida ce ta kai labari gida, tana yi tana dariya har ɗaurin zaninta na neman kwancewa. Bayan kwana biyu sai ga Baffa da kansa da yamma. Na shimfiɗa masa darduma na zauna a ƙasa. Ya yi mini jaje sosai, har da cewa Allah ya mayar da alheri, sannan ya ciro ƙunshi daga aljihu ya ajiye a gabana. Dozin ɗin Bint El Sudan ne, Binta Sudan tamu ta lefe da humra.

"Wannan tun 1920 ake yinsa," in ji shi. "Turawan Landan suka fara, a nan Kano ma ana yi, babu barasa, kuma ban taɓa jin an wayi gari an ce ya ƙare ba. Kai kuma ka je ka zuba dukiyarka a turaren da masu shi ma suka gaji da shi."

Na ce haka ne, Baffa. Na yi godiya, na rako shi har bakin mota. Ya shiga ya zauna, ya tattara rigarsa, sai ya sauke gilashi.

"Af, na manta. Watan gobe za a ɗaura auren ƙanwar matarka, kai ne mai karɓar baƙi. Ka taho da koren nan da ka sa a aljihu, shi ban samu na ji ba."