Rabe-raben Mutane a Gaban Batir

Batir, wato mazubin da ke adana ƙarfin lantarki a cikin sinadarai ya kuma sake shi idan an buƙata, ya kasu gida biyu: akwai wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar, wanda asalinsa ke komawa ga aikin Bafaranshe Georges Leclanché a 1866, akwai kuma wanda ake mayar wa da ƙarfinsa da caja, wanda wani Bafaranshen, Gaston Planté, ya ƙera irinsa na farko a 1859. A ƙa'ida zaɓi tsakaninsu ya rataya ne kan yawan cin wutar na'ura da kuma samuwar lantarki a gida, amma wanda ya lura da rayuwar rediyo, tocila, agogon bango da rimot zai tarar cewa halin maigida ne ke yanke hukunci, lissafi kuwa daga baya ake nemo shi.

Rukuni mafi daɗewa shi ne na masu tayar da matattu, waɗanda a mazhabarsu batir ba ya mutuwa, suma kawai yake yi. Mai wannan aƙida yakan shanya batura a kan katanga da tsakar rana, ya cije su, ya murza su a cikin rediyo, sannan ya bi rediyon da mari. Akwai ƙanshin gaskiya a cikin aikinsa, domin zafi yana hanzarta aikin sinadarai, hutu kuma yana ba batir damar ɗan farfaɗowa, sai dai ran da aka maido ɗin yakan isa kanun labaran Sashen Hausa na BBC ne kawai, ya fita daidai lokacin da mai karatu zai ambaci sunayen sababbin ministoci.

Maƙwabtansu su ne masu araha, waɗanda ba su san wani batir ba sai na tutiya da kabon, irin Tiger Head da ake ƙerawa a Guangzhou ta ƙasar Sin. Wannan nau'i ya dace da na'urar da ke cin wuta kaɗan kaɗan, amma mai araha yakan cusa shi a babbar tocila da motar wasan yara, inda batirin alkalin, mai ɗan tsada, zai ninka shi daɗewa. Saboda haka duk bayan kwana biyu yana gaban mai tireda, wanda ke tarbarsa da "ranka ya daɗe" da zuciya ɗaya, kuma har yanzu bai taɓa tara abin da ya kashe a wata ba, don kada karin maganar nan ta araha ba ta ado ta tabbata a kansa.

Kishiyoyinsu su ne masu wa'azin caji, wato waɗanda suka sayi caja da batura huɗu na nikel, suka kuma ɗora wa kansu nauyin shiryar da jama'a. Hujjarsu mai ƙarfi ce, tunda irin wannan batir yana karɓar caji ɗaruruwan lokuta, amma himma takan kai su ga sa shi har a agogon bango, wanda batir mara caji guda ɗaya kan riƙe shi kusan shekara. Ba sa son a tuna masu cewa nasu yana ba da bolt 1.2 ne, alhali mara caji yana farawa da 1.5 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin tura wuta), ko kuma cewa tsohon samfurinsa yana tsiyayar da cajinsa ko da yana ajiye, matsalar da sai a 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya rage ta da samfurin Eneloop. A Najeriya wa'azin yakan katse ne idan hukumar lantarki ta NEPA, wadda aka sauya wa suna tun 2005 amma bakin jama'a ya ƙi sakinta, ta ɗauke wuta kwana uku, sai a ga malamin ya lallaɓa rumfar mai cajin waya da janareta, ya biya kuɗi, bai kuma sa wannan kuɗin a lissafin ribar da yake karanta wa mutane ba.

A cikin masu caji akwai ƙaramar ɗariƙa ta masu imani da lamba, waɗanda ba sa duba komai a jikin batir sai adadin mAh, ma'aunin yawan wutar da yake iya ɗauka. Batirin nikel mai girman AA na ƙwarai bai kai 3,000 ba, amma idan ɗan ɗariƙar nan ya ga wanda aka rubuta wa ninkin haka a rabin farashi, yakan saye shi da murna, bai kuma yi mamakin yadda ya fi takwarorinsa rashin nauyi a hannu ba.

Sai masu rance, waɗanda ba su taɓa sayen batir ba, ba su kuma taɓa rasa shi ba. Irin wannan maigida yakan cire na agogo ya sa a rimot, ya cire na rimot ya sa a tocila, har agogon falo ya shekara a kan ƙarfe huɗu da kwata, idan uwargida ta yi magana ya ce ai kowa yana da agogo a waya. Shi ne kuma gwanin haɗa sabo da tsoho a na'ura ɗaya, aikin da ke sa sabon ya tilasta wa tsohon wuce iyakarsa har ya yi yoyo. Ƙaninsa a sana'a shi ne mai gwaji, wanda ke ɗura batir mara caji a cikin caja don ya ga abin da zai faru, abin da ke faruwa kuwa shi ne zafi, yoyo, wani lokaci har fashewa.

Na ƙarshe su ne masu ajiyar gawa, waɗanda aljihun teburinsu ya cika da batura da ba wanda ya san mai rai daga matacce a cikinsu. Farin garin da ke fitowa a bakin tsohon batirin alkalin alama ce ta yoyon sinadari mai cin ƙarfe da ƙona fata, kuma shi ne ajalin rediyo da yawa da aka ajiye da batir a ciki, aka kuma zargi mai gyara da laifin.

Hukuncin da duk rukunonin nan suke kauce wa gajere ne: na'ura mai cin wuta da yawa da ake amfani da ita kullum, mai caji ya fi dacewa da ita, muddin akwai lantarki ko sola a gidan, agogo, rimot da tocilar ko-ta-kwana kuwa mara caji ya ishe su. Kada a haɗa sabo da tsoho, a cire batir daga na'urar da za a daɗe ba a kunna ba, mataccen kuma a nisanta shi da wuta, rijiya da hannun yara.