Wasiƙa Zuwa ga Malam Usur, Mai Kwana a Kowane Baki

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar maƙogwaro da ta igiyar wuya, ina gabatar da kaina a matsayin wakilin 'yan benci na uku a wani gidan kallo a nan Dagauda, ƙaramar hukumar Dambam. Jama'a ne suka ɗora mini rubuta wannan takarda. Sun ce an zagi alƙalin wasa, an zagi mai ɗaga tuta, an zagi hukumar ƙwallo, an zagi mai janareto idan ya mutu ana shirin bugun fenareti, amma kai ba a taɓa tuhumarka ba. Alhali duk fitinar da ake yi a fili daga cikinka take fitowa.

Ƙarar da muka shigar guda ɗaya ce: ba ka da zaɓin baki. Wanda ya yi shekara goma yana karatun dokokin wasa ya hura ka, ka yi kuka. Wanda aka tsinto a bakin fili yana cin gyaɗa ya hura ka, ka yi kuka iri ɗaya, da murya ɗaya, ko kunya babu. Mun ji labarin gidanku. Kakanka Acme Thunderer a Birmingham ta Ingila aka ƙera shi a 1884, ƙaninka Fox 40 kuma wani alƙali ɗan Kanada mai suna Ron Foxcroft ne ya fito da shi a 1987, saboda ɗan ƙwallon da ke cikin tsofaffinku yakan maƙale a daidai lokacin da ake neman hukunci. An gyara muku maƙalewa. Mu kuwa abin da muke roƙo yanzu shi ne a dawo muku da ita, a riƙa amfani da ita a inda ya dace.

Bari in tuna maka abin da ka yi mana a gasar Sallah da ta wuce, don na san za ka ce ka manta. An shirya wasan kusa da na ƙarshe, an yayyafa layi da toka, an ɗaura raga, 'yan rake da masu ƙanƙara sun kama wuri. Alƙalin da za a ɗauko daga Azare ya aiko cewa ba zai zo ba, don kuɗin motarsa na wancan zuwan har yanzu ana "duba lamarin". Kwamiti ya waiga dama da hagu, ya hango wani bawan Allah da baƙin wando da takalmin kambas, aka ce ai wannan ma ya yi kama. Aka rataya masa kai. Ba shi da kati, sai aka yago bayan kwalin ashana da marfin wani littafi. Agogonsa kuma na wayar hannu ne, ana tsaka da wasa aka kira shi, ya ɗauka, ya ce yana wani ɗan aiki ne zai kira daga baya. Ya busa satar gida a kan jifa. Ya ba mai tsaron raga gargaɗi don ya taɓa ƙwallo da hannu a cikin gidansa. Da aka ci ƙwallo ta gefen raga inda ta yage, ya tsaya ya tambayi 'yan kallo, ɓangaren da ya fi ihu ya samu. Duk wannan kana bakinsa kana ba shi goyon baya. Ko sau ɗaya ba ka shaƙe ba.

Da na kai kuka wurin wani malamin makaranta da ke zama kusa da ni a benci, ya ce in kwantar da hankali, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, har Amurka an sha wannan. Ya ba ni labari, na kuma bincika na tarar haka ne. A 2012 hukumar NFL, mai kula da irin ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita sanye da hular kwano, ta samu saɓani da alƙalanta kan albashi da kuɗin fansho. Maimakon a sasanta, sai ta rufe musu ƙofa, ta kwaso alƙalan aro daga ƙananan kwalejoji da makarantun sakandare. Mako uku ana tafka shirme, 'yan kallo na ihu, masu kuɗi na cewa a yi haƙuri za su saba. Sai daren 24 ga Satumba, a wasan Seattle Seahawks da Green Bay Packers. Daƙiƙar ƙarshe aka cilla ƙwallo sama, mutum biyu suka faɗo riƙe da ita, M.D. Jennings na Green Bay da Golden Tate na Seattle. Alƙalai biyu suka rugo suka tsaya a kansu kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ya ɗaga hannu biyu sama alamar an ci, ɗayan yana kaɗa hannu alamar a tsayar da agogo. Wasa ɗaya, wuri ɗaya, hukunci biyu, duniya tana kallo. Aka ba Seattle nasara da 14 da 12.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni sha'awa. Gari bai waye ba ƙasar ta ɗauka. Har shugaban ƙasa Barack Obama sai da ya sa baki cewa a dawo da alƙalan asali. Rigimar da aka yi watanni ana ja, cikin kwana biyu aka warware ta. Ranar 27 ga Satumba da alƙalan gaskiya suka shigo fili a Baltimore, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa musu. Tafi, Malam! Ga alƙalin wasa! Mutanen da bara war haka ake zagin iyayensu. Da na faɗi wannan a gidan kallo wani dattijo ya ce ƙarya nake yi, babu ƙasar da ake tafa wa rafali.

A Sikotilan kuwa alƙalan ne da kansu suka ajiye ka a Nuwamban 2010, suka ce zagi da zargi sun ishe su. Sai da aka nemo wasu daga Malta da Isra'ila da Luzambak aka buga wasannin ƙarshen makon, wasu wasannin ma aka ɗage. Can ma ba ka ce uffan ba, ka bi baƙi.

To, na san amsar da za ka ba mu. Za ka ce su na asalin fa, me suka tsinana? Ban ƙi ta taka ba, don mu ma muna da tabo. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2000 bai manta da 13 ga Fabrairu a Legas ba, wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakaninmu da Kamaru. Victor Ikpeba ya buga fenareti, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta dira bayan layi ta fito, alƙali Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Ba aro aka yi shi ba, da takardunsa cif. Kofi ya tafi Yawunde, mu aka bar mu da "da an ce".

Sai kuma Janny Sikazwe na Zambiya, wanda ya taɓa busa wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017. Ranar 12 ga Janairun 2022 a Limbe, Mali na cin Tunisiya ɗaya da nema, ya hura ka a minti na 85 ya ce an tashi. Aka nuna masa agogo, ya dawo da wasa, ya kori ɗan Mali ɗaya da jan kati, ya sake hura ka kafin minti 90 ya cika. Kocin Tunisiya Mondher Kebaier ya bi shi yana dukan agogon hannunsa kamar zai fasa shi. Can bayan an watse aka ce a dawo a ƙarasa da alƙali na huɗu, 'yan Mali suka fito, 'yan Tunisiya suka ce su kam sun riga sun shiga wanka. Daga baya aka ce zafin rana ne ya bugi Sikazwe. Allah ya ƙara masa lafiya, amma muna gayyatarsa Azare a watan Afrilu da ƙarfe biyu na rana, ya ga yadda yara ke buga ƙwallo ba takalmi. A ƙarshen 2022 ɗin dai aka gan shi a Katar yana busa gasar cin kofin duniya, kai kuma kana rataye a wuyansa kamar ba a yi komai ba.

Babban abin kunyarka kuwa a jiharmu ka yi shi, shi ya sa ba za mu yafe da wuri ba. A Yulin 2013, a Bauchi, ana wasannin neman hawa rukuni na gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ke cin Bubayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a wasan farko. Wato ƙwallo 72 a zagaye na biyu kaɗai. Na zauna na yi lissafi, ko ɗauko ƙwallo daga raga a kai ta tsakiyar fili sau 72 aiki ne da ya isa a biya mutum lada. Kowace ɗaya sai da aka hura ka aka tabbatar. Hukumar NFF ta kori 'yan wasa da jami'an wasan har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Kai ko tambayarka ba a yi ba. Haka Joseph Lamptey na Ghana, da ya ba Afirka ta Kudu fenareti a 2016 kan ƙwallon da ta bugi gwiwar Kalidou Koulibaly na Senegal: FIFA ta kore shi har abada, aka sake wasan, kai ka koma aljihun wani.

A nan 'yan benci suka ce in tsaya in sa hannu, amma tunda ni ke riƙe da alƙalami zan ƙara abin da ba su aiko ni da shi ba. Idan ka ce mu ma a tuhume mu, ba ka yi ƙarya ba. Alƙalin gasar Najeriya yakan shiga mota ya yi tafiyar yini guda, ya sauka a filin da ba shi da ƙofar gudu, ya busa wasa yana kallon ƙwallo da ido ɗaya, ɗayan yana auna tsawon katanga. Haƙƙinsa kuma sai ya bi bashi. A Oktoban 2025 a filin Sani Abacha na Kano, Shooting Stars ta farke wa Kano Pillars ƙwallo ana dab da tashi, magoya baya suka diro fili suka far wa alƙalai. Aka ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, aka zabtare mata maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Ba kuma farau ba ne, a 2019 ma an kora alƙali da gudu a Agege bayan wasanta da Rangers. Mu nan da muke yi wa Wikki Tourists fatan alheri ba za mu yi musu dariya ba, don halinmu ɗaya: in an ci mu a gida rafali ne, in mun ci a waje ikon Allah ne. Wane uba ne zai ga haka ya ce ɗansa ya koyi alƙalanci? Sannan aka fitar da sunayen alƙalan kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024 babu ɗan Najeriya ko ɗaya, muka hau salati muna cewa an raina mu. Shi wancan na Azare da ya ƙi zuwa, kuɗin mota kawai ya tambaya. Da aka ba mu mai baƙin wando, mu ne muka fara cewa ina ma shi ne, mutumin da bara muka raka har tasha da jifa.

Duk da haka ƙararmu na nan, ba mu janye ba. Muna roƙonka, don girman Allah, ka riƙa duba baki kafin ka yi kuka. In ka ji hannun da ya ɗauke ka yana rawa, ko ka ji mai shi yana tambayar ɗan wasa "yanzu me ake yi?", ka toshe. In an kai ƙwallo ta goma sha biyar cikin minti goma, ka faɗi ƙasa ka ɓata cikin yashi. In kuma ka ga na asalin ya zo, ko da mai kuskure ne, ka raɗa wa kwamiti su biya shi tun kafin a take wasa, gaban shaidu.

Mu kuma a namu ɓangaren mun yi taro mun amince da abu biyu. Za mu ɗinke ragar nan da ta yage. Kuma mun yi karo-karo mun haɗa kuɗin motar alƙalin Azare, na bara da na bana, suna hannun mai gidan kallo. In ka haɗu da shi ka gaya masa ya dawo, ba za mu jefe shi ba. Zagi dai ba mu yi alkawari ba.

Wassalam,

Naka mai ƙaunarka duk da halinka,
Wakilin 'Yan Benci na Uku,
Dagauda.