Gaisuwar Suruki Daga Ƙarƙashin Sitiyari

Jiya da hantsi surukina ya same ni ƙafafu a sama, kai a ƙasa, a cikin Bosuwaja. Bari in faɗa da bakina tun kafin 'yan unguwa su ƙara wa miyar gishiri.

Motar Volkswagen Beetle ce 'yar 1978, cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, kawuna ne ya bar mini ita. Fitilar birkinta ta koma sai ka miƙe tsaye a kan feda take kamawa. Makunninta na asali ba ya jikin feda, can yake ɗaure a jikin famfon birki ƙarƙashin tankin mai, matsin man birki ne ke kunna shi. In ya tsufa sai ya yi nauyin ji, ka gama tsayawa sannan fitila ta tuna da aikinta. Wani mai adaidaita sahu da ya kusa shigewa cikin injina ya karanta mini tarihin dangina kaf. Kwance tsohon makunnin kuwa yana nufin iska ta shiga layi, a wuni ana bugun birki ana fitar da ita. Sai na sayo ɗan makunni mai harshe da sifirin a Ƙofar Ruwa: feda na hutawa ta danne harshen, wuta a yanke, ka taka ta sake shi, fitila ta kama. Mai walda ya lanƙwasa mini ƙarfen da zai riƙe shi. Waya biyu, noti biyu. Na ce wa uwargida ta ɗora shayi, yanzu zan shigo.

Ban ko buɗe ƙofa ba maƙwabcina ya jawo bencinsa. Dattijo ne, tsohon direban babbar mota, duk layin Baba Direba muke ce masa.

"Ka duba ruwan lagireto?"

Na ce, "Baba, wannan ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya injinta."

"To ka ji matsalar. Motar da ba ta shan ruwa ina za ta samu ƙarfin fitila?"

Fedojin Bosuwaja daga ƙasa suke tsirowa, ba daga sama suke reto ba, don haka mai son ganin gindinsu sai ya kai fuskarsa inda takalmi ke zama. Na murɗa makulli, don fitilar birkinta ba ta aiki sai da shi. Na tsayar da yarona a baya ya riƙa faɗa mini abin da ya gani. Na kwanta rigingine a kan kujera, na zura kai ƙarƙashin sitiyari, na ɗora ƙafafu a kan majingina, sufana a hannu, noti ɗaya a baki. Baba Direba yana ta bayani cewa su a zamaninsu hannu ake fitarwa ta taga, kuma babu wanda ya taɓa mutuwa sai wanda kwanansa ya ƙare.

Garin gyara kwanciya na ture ƙarfen da ke sakin kujera. Ta zamo gaba a kan layinta, ta yi ƙaras ta kulle. Cikina ya matse da sitiyari, tsakar kaina ta tokare da fedar birki, hulata ta gangara ƙarƙashin kuloci. Ƙafafun wandona kuwa suka bi doka suka sauko har gwiwa.

A nan na ji sallama.

Shekara da shekaru ban taɓa gaida surukina Alhaji a tsaye ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, ido a ƙasa. Jiya ma idona a ƙasa yake, ƙasan mota. Abin da ke kallonsa ta taga shi ne ƙwaurina biyu da dunduniyata mai faso irin na hunturu, wanda uwargida ta daɗe tana cewa in shafa wa man kaɗanya.

Na tura notin gefen kunci na ce, "Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa, Alhaji." Jiki ya saba, baki na gaisuwa sai ya nemi rusunawa. Na yunƙura. Gwiwata ta daki tsakiyar sitiyari. Piiim! Kaina ya tura feda. Daga baya yaro ya ƙwala ihu, "Ta kama!"

Na koma na kwanta. "Ta mutu!"

Alhaji mutum ne mai cika gaisuwa, ba ya tsallake ko ɗaya, kuma bai ga dalilin farawa jiya ba.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, Alha..." Piiim! "Ta kama!"

"Ina gajiya?"

"Ba gaji..." Piiim! "Ta kama! Ta mutu!"

"Yaya iyali?"

Iyalin da yake tambaya 'yarsa ce, tana tsaye a bakin zaure da butar shayi, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Wannan karon na ƙudura ba zan motsa ba. Na daskare, na amsa a hankali. Shiru ya biyo baya, ba hon, ba ihu. Sai na ji kamar na yi rashin ladabi, na ɗan rusuna kaɗan. Piiim!

"Yaya aiki?" in ji Alhaji. Muryarsa ko gezau. Wannan ce ta fi ci mini rai. Tun jiya nake juya ta, na rasa ko gaisuwa ce ko tambaya.

Baba Direba ya taso ya leƙo ta ɗaya tagar.

"Alhaji, kada a ja shi ta ƙafa. Na taɓa ganin yaron mota ya maƙale haka, sai da aka sassauta iskar tayoyi."

"Baba, kujera! A ja kujera baya!" Notin ya faɗo daga bakina ya shige wani lungu da ba zan sake ganinsa ba.

"Ka ji yaran zamani. Shi ke ciki, kuma shi ke ba da shawara."

Almajirai sun taru, mai rake ya ajiye baronsa. Wani ya kawo shawarar a zuba mini man ja a wuya in sulɓe. Baba ya ce a'a, baƙin mai ya fi santsi. Alhaji ne da kansa ya tattara hannun babbar rigarsa, ya sunkuya, ya laluba ƙarfen ya tura kujerar baya. Na zubo ta ƙofa kamar buhun gero, na mirgina, na samu kaina a durƙushe daidai gabansa. Tunda ga ni a yadda ya kamata, sai na sake gaisuwar daga farko, shi kuma ya amsa daga farko.

Don in wanke fuskata na zauna a kujera na taka birki da ƙafa. Yaro ya ce, "Tana nan a kunne." Na ɗaga ƙafa. "Tana nan a kunne." Ashe kaina ne ke tallafe da ƙarfen da ban gama ɗaurewa ba, ina fita makunnin ya kwanta gefe, harshensa ya rabu da feda.

Baba Direba ya zagaya baya, ya dubi fitilar, ya dawo ya dubi Alhaji.

"Ai gyara ya yi, Alhaji, kowa ya gani. A mayar da shi ciki yadda yake, ni zan tuƙa."