Mu da Littattafan 'Yan Jami'a

Mu nan Gobir, daga Sabon Birni har Isa, muna da wata ɗabi'a da kowane gida ya san ta. Da rana a yi wa yarinya faɗa: "Ke dai ba ki da aiki sai wanga littahi." Da dare kuwa, an yi isha'i an ci tuwo, ita wadda ta yi faɗan ce za ta jawo tabarma ta ce, "To ɗiyata, ina munka tsaya jiya? Yaron ga ya turo magabatanai ko har yanzu?" Faɗan da gaske ake yin sa, sauraron ma da gaske.

Abin ba yau ya fara ba. Yayyenmu mata sun ga zamanin da littattafan ke zuwa daga Kano cikin kayan 'yan kasuwa, su biyo ta Gusau da Shinkafi, a riƙa ba da su haya. Littafi guda sai ya zaga unguwa kaf, bangonsa ya yage, a ɗinke shi da zare da allura a miƙa gaba. A haka aka sha In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, da littattafan Bilkisu Funtuwa. Wanda ya fi zama a ran matanmu shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta kuma koma karatu daga baya. Da yawa daga masu saurarensa labarin kansu suke ji.

Yanzu takarda ta ja baya, waya ta karɓa. Marubuciya na zaune a Kano ko Kaduna, ta saki shafi a WhatsApp ko Wattpad, kafin la'asar ya iso Gatawa. Wadda ba ta iya karatun boko ba sai ta kai memori shagon mai caji a zuba mata na murya. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu biyun, karatun bai tsaya ba. Wanda ya kamo sabis ɗin Nijar ya sauko da abin da ya samu, sauran a tura wa juna waya da waya.

To me ke cikin littattafan na yanzu? Kusan duk jarumar ɗalibar jami'a ce. Tana Bayero ko Ahmadu Bello ta Zariya, ta fito lakca da littattafai rungume a ƙirji, tana fargabar jarrabawa, ga ƙawar ɗaki mai tsegumi, ga wani saurayi likita ko matashin malami da ya fara yi mata kallon raini kafin so ya kama shi. Mazanmu na dakali sun ce wannan ne ke ɓata 'ya'ya, yarinya ta riƙa jiran mai mota, manomi ya zo ta ɗauke kai. Ba duka maganarsu ce banza ba. Akwai rubutun da ke yawo a waya wanda ba ya karantuwa gaban uwa, kuma babu mai tace shi. Shi ya sa na fi natsuwa da gidan da ake karantawa a fili kowa na ji, a kan gidan da aka hana, yarinya ta koma ƙarƙashin mayafi. A Kano ma an ƙona littattafan soyayya a 2007, rubutun bai mutu ba.

Amma ni abin da nake gani daban ne, kuma ya fi damuna. Ku saurari tambayoyin da yaran nan ke yi bayan an rufe shafi. Ba kan saurayin ba ne kaɗai. "Yaya, shi JAMB sau nawa aka rubuta shi?" "Mace na iya karatun likita da aure?" "Nawa ne kuɗin ɗakin kwana?" A gidan da babu wanda ya taɓa taka ƙofar jami'a, daga ina za ta ji waɗannan? A ƙarshen 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana na kan iyaka, na Isa da na Sabon Birni na ciki. Hanyar Gundumi ta zama sai da addu'a, gona ta gagara, iyaye da yawa suka ga aurar da yarinya da wuri ya fi kwanciyar hankali, kuma ban ga laifin tsoronsu ba. A wannan halin, wurin da 'yar shekara 16 ke ganin mace sa'ar yayarta zaune cikin aji tana ɗaga hannu, shi ne cikin littafin nan da muke yi mata faɗa a kai.

Ƙorafina ɗaya ne: babu mu a ciki. Jarumar ba ta taɓa cewa "mi" ba, sai "me". Ba ta da tsagen Gobirawa, ba ta san Alkalawa ba, ba ta da gwaggo a Tsibiri ko Maraɗi. Alhali labarin na nan kwance. Yarinya ta hau mota a tashar Isa da 'yar jakarta da garin kwaki, ta sauka Sakkwato, ta tarar Gulbin Rima da ya ratsa ƙasarsu shi ne za ta ƙetare kafin ta shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wa ya rubuta wannan? Tun 2016 BBC Hausa ke gasar Hikayata don mata zalla, ƙofa a buɗe take.

Wasu daga cikin yaranmu sun fara, cikin littafin rubutu na makaranta. Na ji ana karanta wani a wurin kitso, ɗalibar Bagobira ce, saurayin kuma ɗan ajinsu Bayarabe daga Ilori. Nan fa gardama ta kaure. Mai kitso ta saki gashin da ke hannunta ta ce sam, taubashi ba ya ɗaukar ɗiyar Bawa Jan Gwarzo a araha, sai an ninka masa sadaki. Wata gwaggo ta ce a bar shi ya aura, amma a sa shi ya sha fura da nono gaban surukai tukuna. Marubuciyar na ta rubutawa a gefen takarda, ta ɗago ta ce, "Gwaggo, ku bari ta ƙare digirinta dai, auren sai littahi na biyu."